Sanarwa ga malaman tarihi: darasin tasowar Amurka

Assalamu alaikum malamai. Ga shawararmu kan darasin yadda Amurka ta zama babbar ƙasa, don ƴan ajin BEPC, wato jarrabawar kammala kwaleji a Nijar.

Ku fara da taswira a allo, da alli kala uku. Fari: jihohi 13 na bakin teku a 1776. Ja: yankin Luwiziyana da aka saya daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusan ninkuwa. Shuɗi: layin dogo da ya haɗa gabas da yamma a 1869. A nan ku daɗe. Ku tambayi yara: in aka rufe hanyar Ɗan Isa, wadda ta haɗa Maradi da Najeriya, wata guda, me zai samu kasuwar Maradi? Daga amsarsu za su gane amfanin hanya ga arziki.

Yaƙi da Sifaniya a 1898 da buɗe mashigin ruwan Panama a 1914, ku taɓa su a gurguje.

Inda ake yawan tuntuɓe: yara su haddace shekaru ba dalili, ko su rikita ƙasar da nahiyar. Kuma don Allah kada a tsallake bautar baƙaƙen fata a gonakin auduga da ƙwace filayen ƴan asalin ƙasar.

Mai buƙatar taswirar ya yi magana, mu turo.