Wasiƙa daga Buwake ta Kodebuwa zuwa Tawa ta Nijar

Buwake, Nuwamba 2024

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Ka durƙusa gaban Inna ka gaishe ta a madadina, ka ce mata jikokinta suna nan ƙalau. Ina yi muku barka da kaka, ina kuma yi muku jajen ruwan bana. Da na ji bangon ɗakin Inna ya zube cikin dare, ban runtsa ba sai da ka tabbatar mini ba ta ciki. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa duk wanda ya yi asara da alheri.

Na ga ya fi in rubuta da in yi ta turo saƙon murya ta WhatsApp, don maganar doguwa ce, kuma ina so ka karanta wa Inna da Kawu a natse bayan sallar isha'i. Ka ce mini Kawu yana faɗa, wai tunda an rushe mini wuri a Abijan, me ya hana ni kwaso iyali in dawo Tawa, sai na je na tare a garin da ba mu da kowa? Har ya ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban ji haushi ba, uba ne, kuma tambayar tana kan hanya. Ga amsata.

Ka san a unguwar Jesko muke, cikin Yofugon ta Abijan, kuma ka san sana'ata garba ce, kamar 'yan Adar da yawa a can: acceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifin tuna, da ɗanyen barkono da albasa. A cikin watan Fabrairu, ana gama gasar ƙwallon Afirka, motocin rusau suka shigo unguwar. An ce wuraren suna da haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa, kuma ba mu kaɗai ba ne, an taɓa Boribana da wasu unguwannin. Ɗakin haya ya tafi, rumfa ta tafi. Mun tsira da katifa da tukwane da takardun yara, alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo. Abin da mutumin gida ba zai gane da wuri ba shi ne, jarin mai garba ba kasko ba ne, ba mai ba ne. Jarinsa mutanen da suka saba tsayawa gabansa kowace safiya kafin su shiga mota. Ranar da unguwa ta watse, su ma sun watse, kowa ya nufi inda dangi za su ba shi wurin kwana.

Na nemi ɗaki a wasu unguwannin. Abijan gari ne na mutum fiye da miliyan 5, kuma lokaci guda dubban mutane suka fito neman ɗaki, sai haya ta yi sama. A doka, wata 2 ne na ajiya da wata 2 na gaba, ga kuɗin dillali a kai, duk kafin ka ajiye tabarma. Da na biya wannan, da ba abin da zai rage na sake kafa rumfa.

To, me ya hana ni dawowa gida? Yaya, mu yi lissafin da ni da kai muka sani. Gonar tudu da Baba ya bari, ko a shekarar da ruwa ya yi kyau, geronta ba ya kai ku wata kakar sai an haɗa da na kasuwa. Garkar fadama ita ke rufa asiri, ita ma hannunka da na Auta sun ishe ta. Da na sauka tashar Tawa a tsakiyar rani da mata da yara, babu jari, da cikin rumbunka za mu faɗa gaba ɗaya, kuma ɗan abin da nake turowa duk wata ya yanke. Da an yi murna mako guda, sannan a fara auna tiya ana kallon juna. Ban so in zama silar da matarka da tawa za su fara ƙirga ludayin hura ba. Biɗa ba baƙon abu ba ce a Adar, Baba ma ya yi Kumasi da ƙuruciyarsa. Bambancin kawai su suna fita bayan girbi, su dawo da ruwan farko. Ni kuwa yarana a nan aka haife su, a nan suke lakwal, wato makarantar boko, ba zan iya ɗaukarsu ina ajiyewa kowace damina ba.

Buwake kuma ba da ka na zo ta ba. Tana arewa da Abijan da kusan kilomita 350, babbar hanyar da a da ta tsaya wajen Yamusukuro yanzu ta iso har nan. Mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, haya da sauƙi, abinci da sauƙi, doya kuwa sai ka ƙoshi. Tsoffin 'yan biɗa suna tsoron sunanta saboda nan ce cibiyar 'yan tawaye daga 2002 har 2011, amma wannan ya wuce, gari yana zaune lafiya. Abin da ya ja ni shi ne babbar kasuwar sari da aka buɗe a 1998, inda manyan motoci ke sauke doya da goro da hatsi da albasa. Kuma albasar nan, Yaya, tamu ce. Ta Galmi, ta Madawa, ta Tamaske, ta fadamun Magiya. Ranar da na fara shiga layin 'yan albasa na ji ana ciniki da Adaranci tsantsa, sai da ƙwalla ta zo mini. Wani dattijo mutumin wajen Madawa ya tambaye ni ɗan wane ne ni, na faɗa masa, ya ce in zo gobe da sassafe. Ka gaya wa Kawu ba garin da ba mu da kowa ba ne.

A wurinsa nake har yanzu. Na fara da sauke buhu da tsince ruɓaɓɓiya, yanzu yana ba ni kaya bashi ina sayar wa matan da ke kasawa a ƙananan kasuwanni, in na sayar in biya. Ribar ba ta kai ta garba ba tukuna, amma ina koyon abin da ban sani ba ina gida, alhali a cikin albasa muka tashi. Mu a can, mun san dashe da ban ruwa da cira. A nan na ga inda kuɗin yake tsayawa. Daga Maris zuwa Afrilu kowa ya cire, kowa yana son ya biya bashin taki da man injin, sai a zubar wa dillali da arha. Idan damina ta yi nisa tamu ta ƙare, sai ta Holan da ke shigowa ta jirgin ruwa ta cika kasuwa, farashi ya hau. Matan nan kuwa ta Galmi suke tambaya, sun ce ta fi yaji, kaɗan take isar miya. Wanda duk ya iya riƙe tasa cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, har lokacin, shi ke cin guminsa. Na san rudu yana cin rabonsa, wata ta ruɓe, wata ta tsiro, amma ko da an cire wannan, abin da ya rage ya fi abin da ake ba ku a bakin garka.

Shi ya sa hankalina ya tashi da ka ce ana taya garkar fadama, kuma kana tunanin sayarwa a gyara gida, sauran a yi wa Auta kuɗin mota ya biyo ni. Don Allah, Yaya, kada ka sayar. Bango ana sake shi, amma ƙasar da ruwa ke kusa, in ta fita hannu ba ta dawowa. Kuɗin bulo da siminti ni zan ɗauka, na turo jikka hamsin ta kamfanin aika kuɗi na Nita ranar Litinin, in wata ya ƙare zan ƙara. Auta kuma ya yi haƙuri bana. Ba ƙin sa nake ba. Ɗaki ɗaya da falo muke ciki, kuma abin da zai samu a nan yana dako bai kai abin da zai samar mana ba in ya tsaya ya kula da dashen nan da kyau. Shawarata ita ce, in Allah ya kai mu cira, ku sayar da abin da zai biya bashi kawai, sauran ku adana. Dattijon nan ya ce in kuna da buhunan da suka taka kara suka karya, zai sa a haɗa da kayan mutanensa a mota guda, ni in karɓa a nan in sayar da hannuna.

Ba zan ɓoye maka wahalar hanya ba. Iyakar Benin a rufe take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Hanyar Torodi zuwa garin Fada na Burkina ta zama abin tsoro, manyan motoci sun koma bi ta Tera da Dori da Kaya, a jere, da rakiyar soja, kuma sai an jira ayari ya cika. Daga Wagadugu sai Bobo, sai iyaka, sai Ferke, sannan nan. Albasa ba ta son jira cikin zafi a ƙarƙashin tamfol. Don haka kada mu zuba duka a tafiya ɗaya, mu gwada da kaɗan mu gani.

Maganar iyali. Uwar yara ta sha wuya fiye da ni, gaskiya ce. Ni ina fita kasuwa ina ganin mutane, ita kuwa ta bar maƙwabtan da suka yi mata wankan jego, ta bar adashinta, ta zo inda ko mai ba ta aron turmi ba ta sani ba. Makonnin farko ba ta cika magana ba. Abin da ya taimaka shi ne unguwar da muka samu, Darussalam, yawancinta Musulmi ne, masallaci a bayan gidanmu, kiran sallah yana tashe mu kamar a gida. Yanzu tana dama hura tana kai wa 'yan kasuwa da rana, kuma Adarawa ba sa ganin hurar gero su wuce. Ta fara tsintar Julanci, don shi ne harshen ciniki a nan, yaran kuwa har sun fi mu. Babban ya koma lakwal a watan Satumba, sai dai an maimaita masa aji saboda watannin da ya rasa. Ya yi kuka, na ce masa ba laifinsa ba ne. Da yamma suna zuwa makarantar allo wurin wani malami Bahaushe. Wannan na dage a kai, don a gida na hana a yi wani harshe in ba Hausa ba, ban son ranar da za su zo gaban Inna a nemi mai fassara. Sanyin hunturu ma ya fara leƙowa, iska busasshiya irin tamu, ba irin gumin Abijan ba, tarin da ƙaramar ke fama da shi ya ragu sosai.

Akwai abu ɗaya da nake so ka yi mini da gaggawa. Tun da aka sanar a watan Janairu cewa Nijar da Mali da Burkina za su fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, mutanenmu a nan ke ta maganar takardu. Tun 2007 aka ɗauke wa 'yan ƙasashen ƙungiyar katin zama a Kodebuwa, yanzu kowa yana tambayar yadda za ta kasance in fitar ta tabbata. Har yau babu wanda ya tsare ni, kuɗinmu ma ɗaya ne, sefa a can sefa a nan, amma gara mutum ya shirya. Ina so in sabunta katina na ofishin jakadancinmu, in kuma yi wa yaran takardar shaidar cewa 'yan Nijar ne. Ka duba cikin akwatin ƙarfen Baba, takardar haihuwata tana cikin leda tare da takardun gona. Ka je a yi mata kwafi a buga hatimi, ka ba direban da zan turo maka lambarsa, kada ka ba da ta asalin.

Ka ce wa Inna maganar zuwa tana raina. In kasuwa ta yi yadda muke fata, zan kawo mata yaran da Babbar Sallah su yi hutun damina a wurinta, ni in juyo. Ta ci gaba da sa mana albarka. Ka gaida Kawu da kyau, ka karanta masa duka, kada ka tsallake inda na ambace shi. Ka gaida matarka da yara, da Auta, da liman, da mutanen majalisarmu ta bakin kasuwa. Uwar yara tana gaida kowa, ta ce in direban zai taso a sako mata kuka da busasshiyar kuɓewa da daudawar batso, ta nan ba ta yi mata ba.

Ka sanar da ni da zarar kuɗin sun shigo hannunka, da kuma abin da magini ya ce.

Wassalam,
ƙaninka.