Ba Haraji Kaɗai Ya Haifi Amurka Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili domin in yi tsokaci a kan wata magana da nake yawan ji a bakin matasanmu idan ana muhawarar tsarin mulki, wato cewa Amurkawa sun yi wa Ingila tawaye ne saboda haraji kawai, zancen falsafa kuwa kwalliya ce da aka yi wa labarin daga baya. Na shafe shekaru ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma a ganina mai wannan magana ya kama reshe ya bar tushe.

Babu musu haraji ne ya kunna wutar. Ingila ta fito daga yaƙinta da Faransa a 1763 da bashi ya yi mata katutu, sai majalisar dokoki ta Landan ta ɗora wa yankuna goma sha uku da take mallaka a gaɓar Amurka harajin hatimi a 1765, wanda ya shafi jaridu da takardun kotu har da karta, alhali mutanen yankunan ba su da wakili ko ɗaya a majalisar. Amma a dubi abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Boston a watan Disamba na 1773, lokacin da wasu mutane suka ɓad da kama, suka hau jirage uku da dare, suka farfasa akwatunan ganyen shayi 342 da gatura suka zubar a teku. Dokar da ta harzuƙa su a shekarar ta sa shayin halal ya yi araha ne, ba tsada ba. Na san akwai 'yan fasa-ƙwauri a cikin masu zuga jama'a, waɗanda arahar ta taɓa aljihunsu, amma abin da ya tara dubban mutane shi ne tsoron cewa duk wanda ya sayi shayin ya biya ɗan harajin da ke kansa, ya amince ke nan majalisar da bai zaɓa ba tana da ikon sa hannu a dukiyarsa.

Wannan tsoro yana da asali a rubuce. Tun a 1689 masanin Ingila John Locke ya wallafa hujjojinsa na ƙaryata masu cewa sarauta gado ce daga Allah wadda talaka ba shi da ta cewa a kanta. A wurinsa, mutum yana da haƙƙin ransa da 'yancinsa da dukiyarsa tun kafin a kafa wata gwamnati, mulki kuwa amana ce da jama'a suka danƙa domin a tsare musu waɗannan haƙƙoƙi, saboda haka idan mai riƙe da amanar ya ci ta, masu ita suna da damar karɓe abinsu. Lauyoyi da limaman coci da masu buga jaridu na yankunan sun tashi da wannan karatu, sa'annan a Janairun 1776 Thomas Paine ya sauko da shi kasuwa a wata 'yar ƙasida da ya rubuta da harshen da manomi zai gane. Sanarwar 'yancin kai ta 4 ga Yuli, 1776, wadda Thomas Jefferson ya tsara yana ɗan shekara 33, ta bi wannan sawu. Nakan sa ɗalibaina su ƙirga laifuffukan da ta jero wa Sarki George na Uku, su samu 27, sai in tambaye su abin da ya sa masu tawaye za su ɓata lokaci suna shigar da ƙara kamar a gaban alƙali. Dalilin shi ne, bisa koyarwar da suke bi, dole ne su tabbatar wa duniya an ci amana kafin tawayen ya halatta.

Korar sarki ta fi kafa madadinsa sauƙi. Bayan Ingila ta amince da 'yancinsu a 1783, gwamnatin tarayyar da suka fara kafawa ba ta da ikon karɓar haraji, ba ta da shugaban ƙasa, ba ta iya biyan bashin yaƙi, har manoman Massachusetts da bashi ya ci suka ɗauki makamai a 1786. Wannan ne ya kai wakilai 55 birnin Filadelfiya a 1787, inda suka shafe kusan wata huɗu cikin zafi suna tsara sabon kundin tsarin mulki, tagogi a rufe don kada zancensu ya fita. A nan tunanin Bafaranshen nan Montesquieu, wanda ya wallafa a 1748, ya yi tasiri, musamman ta hannun James Madison, ɗaya daga cikin wakilan: ba a dogara da kyawun halin mai mulki, sai dai a rarraba iko yadda kowane ɓangare zai iya taka wa ɗan'uwansa birki. Shi ya sa shugaba yake iya ƙin sa hannu a doka amma kashi biyu cikin uku na majalisa su rinjaye shi, kuma ba ya naɗa alƙalin kotun ƙoli sai dattawa sun yarda. A 1791 aka ƙara gyare-gyare goma masu kare haƙƙin magana da addini da shari'ar adalci.

Ba zan ɓoye tabon da ke jikin wannan tarihi ba, domin ya shafe mu kai tsaye. Locke ya zuba jari a kamfanin da ke jigilar bayi daga Afirka ta Yamma, Jefferson ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa, ƙidayar 1790 kuma ta nuna bayi kusan 700,000 a cikin al'ummar da ba ta cika miliyan huɗu ba. Kundin da kansa ya lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, ya kuma hana majalisa dakatar da shigo da su kafin 1808. Sai da aka yi yaƙin basasa kafin a haramta bauta a 1865, kuma masu fafutukar kawar da ita sun riƙa kafa hujja ne da kalmomin sanarwar 1776 ɗin nan.

Abin da ya sa na damu da batun shi ne mu ma wannan riga muka ara. Kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams ne ya share fagen kundin 1979, wanda ya sauya mana tsarin firayim minista da na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, kuma a kansa na 1999 ya ɗora. Saboda haka ina roƙonka, ya Edita, ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata inda masana za su bayyana wa masu karatu da Hausa dalilin kowane sashe na kundin, a fara da sashen da ya ba majalisa iko a kan kuɗin ƙasa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Naka,
Tsohon malamin tarihi, Zariya