Ƙarfen gefen gilashin mota yana ɓoye mutum sukutum

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, yaya aiki yaya jama'a.

Ni direba ne anan Yamai, na daɗe bisa hanya, tun zamanin da Fijo 504 ke tashe nake riƙe da sitiyari, kuma abinda ya sa na ɗauki waya nake rubuto maka wagga wasiƙa shine wani abu da ya faru dani watan jiya wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Bayan la'asar ne, ina cikin motar kat-kat ɗin wurin aikinmu, irin sabbin nan manya, na fito daga babbar hanya zan karya kwana hagu in shiga unguwar Yantala. Ban yi gudu ba, bana waya, idona biyu, na duba hagu na duba dama ban ga kowa ba, na saki birki. Sai ji nayi wanda ke zaune kusa dani ya buga ihu yace tsaya, tsaya! Wallahi yarinya ce 'yar talla da faranti na gyaɗa bisa kai, gata nan dab da fitilar motar ta hagu kamar daga ƙasa ta tsiro. Allah ya tsare ban taɓa ta ba, farantin ne kawai ya zube don tsoro, na fito na biya gyaɗar na ba ta haƙuri, mutane sunka taru wani na cewa direba makaho ne wani na cewa waya yake. Ban yi gardama da kowa ba don nima a lokacin ban san yadda anka yi ban ganta ba.

Washegari da safe na ajiye motar ƙofar gida na zauna mazaunin direba yadda na saba zama, nace ma ɗana ya tafi can gaba ta hagu ya riƙa tahowa sannu sannu. Malam Edita, akwai wurin da yaron ya kai ya ɓace mani gaba ɗaya, saurayi mai tsawo, babu kai babu ƙafa. Ƙarfen nan da ke tsakanin gilashin gaba da gilashin ƙofa, wanda ya riƙe rufin mota, masu gyaran jikin mota suna ce masa montan, shi ya shanye shi, ga kuma madubin gefe da ke manne gindin ƙarfen ya ƙara masa faɗi. Sai da na sunkuyar da kai gaba kaɗan sannan ya fito. Nan na gane abinda ya faru dani jiya.

A oto-ekol, makarantar koyon tuƙi, ana koya ma kowa angil mor, wato wurin da direba baya gani, amma na baya ake nufi, wanda madubi baya nunawa, ana ce maka ka waiga kafin ka canza layi. Na gaba fa, wanda ke gaban idonka? Ni dai tunda nake ban taɓa jin an zaunar da mai neman parmi, wato lasisin tuƙi, an nuna masa shi ba, kuma dalili a fili yake, motocin da munka koya dasu ƙarfen nan siriri ne, kana cikin 504 ko 404 kamar kana cikin rumfa ko'ina kana gani. Motocin yanzu ba haka suke ba, kuma ba wai masu ƙera su sun yi ganganci bane, don kare na ciki anka yi. In mota ta kife wannan ƙarfen ne ke hana rufi ya danne mutane. A Amurka tsohuwar dokarsu cewa take rufin ƙaramar mota ya iya ɗaukar nauyin motar sau ɗaya da rabi, a 2009 sunka ɗaga shi zuwa sau 3, dole ƙarfe ya ƙara kauri. Sannan ga jakar iskar nan da ke saukowa kamar labule in anyi hatsari, tana bi ta gefen rufi har ta gangaro wajen ƙarfen, ga wayoyi, ga robar da ake rufe su da ita, sannan gilashin gaba na yanzu kwance yake don mota ta ratsa iska ta rage shan mai, to ƙarfen ya ƙara tsawo ya gitta ma idonka a karkace. Duk wanda ya taɓa ganin mota ta wuntsila hanyar Dosso ko ta Tawa mutane sunka fito da ƙafarsu ya san amfanin wanga ƙarfe, ni bana cewa a koma ma motar da. Abinda ke damuna shine na ciki ya samu kariya, na waje kuma, mai tafiya ƙasa da mai babur da mai kura, shi ya ɗauki nauyin abin bai ma sani ba.

A ƙasashen Turai akwai ƙa'ida cewa kowane ƙarfe kada ya tare ma direba fiye da digiri 6. Ji ake kamar ba komi bane, amma a lissafa. Digiri 6 a nisan mita 10 ya rufe faɗin kusan mita 1, mutum kenan. A mita 20 ya rufe mita 2, kabu-kabu da fasinjansa kenan. A mita 50 ya wuce mita 5, taksi guda ta shige bayansa. Kuma wanda bai da tsawo yana jawo kujera gaba sosai, ƙarfen ya ƙara matsowa kusa da idonsa ya ƙara rufe masa wuri.

Wurin da abin yafi muni shine mahaɗar hanya da rompuwan, wato shataletale, kuma anan nake son direbobi 'yan uwana su natsu su ji. In kana tahowa mahaɗa, mai babur shima yana tahowa ta ɗaya hanyar, in gudunku ya dace da juna to yadda ya shiga bayan ƙarfen haka zai zauna bayansa, kana matsowa yana matsowa, ƙarfen na tafiya dashi kamar inuwa, ba za ka ganshi ba sai kun haɗu tsakiya. Shi kuma yana ganin motarka sarai, ya ɗauka ka ganshi za ka bashi hanya. Haka yake in kana karya kwana hagu, motar na juyawa ƙarfen na bin mai ƙetare titi taki bayan taki, tunda mu sitiyarinmu hagu yake ƙarfen hagu shine na kusa da ido. Wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka, IIHS, ta fitar da bincike a 2022 kan hatsarin da ya kashe masu ƙetare titi a mahaɗa, ta gano cewa yiwuwar abin ya faru wurin karya kwana hagu ya kai kusan ninki 2 ga manyan kat-kat in an gwada da ƙananan motoci, ga fikaf kuma kusan ninki 4. Can kenan inda akwai wurin ƙetarawa da fenti da fitila. Ka kawo wannan rompuwan Gadafawa ko wajen Katako da marece, babura ta ko'ina, yaran makaranta, almajirai, masu tura ruwa, awaki, ga rana ta sunkuyo tana dukan ido.

Mu ma kanmu muna ƙara ma abin. Wani ya manna abin riƙe waya daidai kusurwar gilashi, wani ya jera takardu da hotuna, ga tasbaha da turare na lilo jikin madubi, ga baƙar leda da ake liƙa ma gilashin ƙofa har na gaba. Lokacin hunturu kuma abin share gilashi baya kaiwa bakin ƙarfen, sai ƙura ta kwanta nan tayi layi, kaurin ƙarfen ya ƙaru ba ka lura ba. Tsumma ɗaya da ruwa ya isa wannan.

An yi ta ƙoƙarin magance shi can waje. Volvo ta nuna wata motar gwaji a 2001 mai ƙarfe kamar raga ana hango waje ta cikinsa, Jaguar Land Rover ta nuna nata a 2014 mai kyamara da allo jikin ƙarfen, har wata yarinya 'yar shekara 14 a Amurka, Alaina Gassler, ta ci kyautar dala 25,000 a 2019 don ta haɗa kyamara da na'urar haska hoto da ke nuna abinda ke bayan ƙarfen a jikinsa. Madalla da su, amma mu da yawancin motocinmu okaziyo ne da sunka gama yawo Turai da Amurka kafin su iso mana, ba abin da za mu zauna jira bane.

Roƙona ta bakin jaridarka, Malam Edita, hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da masu oto-ekol da shugabannin sandika na direbobi su sa wanga abu cikin koyarwa da faɗakarwar rediyo, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Ba ya cin ko dala, a zaunar da ɗalibi cikin mota a sa mutum ya gitta gabansa har ya ɓace ya gani da idonsa, wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai manta ba. A koya masa kafin ya shiga mahaɗa ko ya karya kwana ya rage gudu ya motsa kai gaba da baya ya leƙa bayan ƙarfen ɓangare biyu, juya ido kawai baya isa, sai jiki ya motsa. Rage gudun ma kansa yana fito da wanda ya ɓuya don tafiyarku ta daina dacewa. Masu babur da iyayen yara kuma dan Allah a gaya ma yara, in baka ga fuskar direba ba to shima bai ganka ba, ka dakata ya wuce.

Tun ranar nan kullum in na zo kwanar Yantala sai na tsaya cak na leƙa, na baya suna ta danna mani oda ina jinsu. Yarinyar tana nan wurin da farantinta, shekaranjiya ma na ganta tana ƙetarewa da ƙanenta riƙe a hannu.

Na gode da ba ni fili, Allah ya tsare mu bisa hanya.

Naka,
wani direba daga Yamai