Barkwancin da ke ƙawata yaudarar mata

Ya Edita,

Ina so in ja hankalin iyaye kan Barney Stinson na wasan barkwancin How I Met Your Mother, wanda aka nuna a talabijin a Amurka daga 2005 zuwa 2014, kuma har yanzu samarinmu a Abuja suna kallonsa a wayoyinsu. Mutum ne ɗan gayu, kullum cikin kwat, ga zaƙin baki, amma yakan sauya suna da sana'a domin ya yaudari mace, gari na wayewa ya yi layar zana. Abin da ya fi damuna shi ne dariyar da ake sakawa bayan kowace ƙarya, domin tana hana yaro tunanin halin da wadda aka cuta ta shiga. Marubutan sun nuna cewa ya tashi bai san mahaifinsa ba, amma a ganina wannan bai wanke shi ba.

Naku,
Mai karatu daga Kubwa, Abuja