A Tanadi Mafaka Kafin A Tara Jama'a A Fili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu shirya taruka, tun da yake damina ta kama, kuma ɗaurin aure da wa'azi da saukar karatu duk a sarari muke yin su.

Hadarin farkon damina a ƙasarmu ba ya ba da dogon lokaci. Gabas za ta yi baƙi, iska mai ƙura ta taso, kafin a naɗe tabarmi kwanon rufi ya fara tashi sama. Mutanen Bauchi ba su manta da guguwar watan Yunin 2018 ba, wadda ta auko musu cikin bukukuwan ƙaramar salla, ta yi sanadin rasa rayuka, ta kwashe rufin gidaje masu yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda jama'a suke rugawa. Wasu su cunkushe a gindin darbejiya, wasu su riƙe ƙarafan rumfar haya don kada iska ta ɗauke ta, alhali bishiya da rumfa mai ƙafafun ƙarfe suna cikin wurare mafi hatsari idan ana tsawa, balle kuma ga wayoyin janareta da na lasifika shimfiɗe a ƙasa cikin ruwa. Mafaka ta gaskiya ita ce gini mai ƙwari, kamar masallaci ko ajin makaranta, ko kuma mota mai rufin ƙarfe da aka ɗaga gilasanta. Babur da keke Napep ba sa kare kowa. Duk wanda ya ji ƙarar tsawa to aradu na iya kai masa, kuma masana sun ba da shawarar a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fito.

Sai dai sau da yawa kunya ce take zaunar da mutane, domin babu mai son ya miƙe malam yana tsakiyar karatu, ko manya suna zaune. Saboda haka nauyin yana kan mai taro. Shi ya kamata ya duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ya nemi izinin ginin da ke kusa, ya karɓi mabuɗinsa tun da wuri, sannan mai gabatarwa ya sanar tun farko inda mata da yara da tsofaffi za su nufa. Addini ma ya yi mana sauƙi, tun da an halatta haɗa Magariba da Isha'i saboda ruwan sama.

Ina kira ga limamai da masu unguwanni da su sanya wannan tanadi cikin sharuɗɗan yin taro a unguwanninsu, hukumomin agajin gaggawa na jihohi kuma su riƙa faɗakarwa a gidajen rediyo da Hausa.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Bauchi