Wasiƙa zuwa ga Edita: Yadda ƙaramar matsalar mota ke kai mutum ga sauke inji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu motoci. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja da rana tsaka a watan Afrilu zai ga motoci a gefen titi, bonet a ɗage, mai motar riƙe da jarka yana neman ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tsadar da mai albashi ba ya iya ɗauka lokaci guda. Abin da ke damuna shi ne, yawancin manyan kuɗin gyara ba lalacewar farko ce ke jawo su ba. Abu biyu ne: direba ya ga alama ya ci gaba da tafiya, sai kuma bakanike ya fara canja kaya tun bai gano ciwon ba.

Bari in fara da zafin inji, don shi ya fi kashe motoci a ƙasar nan. Allurar zafi tana zama a tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan. Da ta fara haurawa, a kashe na'urar sanyaya mota, a nemi gefe, a kashe inji. Babu maganar "bari in ƙarasa gidan mai na gaba". Kan injin motocin yanzu, wanda kanikawa ke kira top, da alminiyom aka yi shi, kuma zafi mai tsanani yana lanƙwasa shi cikin 'yan mintuna. Idan ya lanƙwashe sai gasket ɗin da ke tsakaninsa da gangar injin ya ƙone, ruwa ya shiga wurin baƙin mai, iskar ƙonewa ta shiga wurin ruwa. Tiyon da ya tsage, ko kilif ɗin da ya saki, wanda da kuɗi kaɗan za a gyara shi a bakin titi, shi ne zai sa a buɗe inji. Allura ta tono garma ke nan.

Bayan an tsaya, kada a taɓa murfin lagireto sai an jira aƙalla minti 30. Murfin yana danne ruwan da ke ciki, shi ya sa ba ya tafasa a digiri 100 sai ya kai wajen 120. Wanda ya buɗe shi da zafi, ruwan zai tafaso masa a fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Kafin ya huce sai a duba ƙarƙashin motar ko ruwa na ɗiga, a duba bel yana nan ko ya tsinke, a duba fiyus ɗin fanka. Idan ya huce aka cika ruwa aka tada motar, a tsaya a ga fanka ta tashi da kanta kafin a hau titi.

A nan ne nake son in tsaya kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu: cire tamosta, da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Hujjar da ake bayarwa ita ce motar don ƙasar sanyi aka yi ta. Wannan kuskure ne. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, tamosta kuwa ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya haura digiri 80, ta bar shi ya wuce lagireto. Idan aka cire ta, injin ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe da lokacin hunturu, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara fetur. Mai motar ya sha mai fiye da kima, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi su cinye da wuri. A wasu injunan ma tamostar ce ke toshe wata gajeriyar hanyar ruwa; in babu ita, wani ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba, motar ta ƙara zafi a doguwar tafiya. Asalin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko na'urar da ke tada fanka ta mutu. Lagireto kuwa abin da ke toshe shi shi ne ruwan rijiya da na burtsatse, wanda ke barin farin ƙanzo irin wanda ake gani a gindin butar shayi, ga tsatsa. Ruwan sanyaya inji mai kala da ake sayarwa a galan yana hana tsatsa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin lagireto ba.

Jar fitilar da ke da siffar buta ta fi allurar zafi gaggawa. Ma'anarta baƙin mai ba ya zagayawa da ƙarfinsa. A kashe inji nan take, a jira minti biyar, a zaro sandar awo a goge a mayar a sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce a yawancin ƙananan motoci. Idan man ya yi ƙasa, a ƙara. Idan yana nan cif amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada a sake tada motar, a nemi janwe. Tafiyar kilomita ɗaya a haka ta isa mital, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, su narke, karanshaf ya ci, inji ya buga.

Fitilar batir tana nuna altaneta ba ta caji. Motar za ta ɗan yi tafiya da abin da ya rage a batir, amma a tsaya a duba bel tukuna, domin a motoci da yawa bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa.

In mota ta ƙi tashi, kunne ya isa ya raba matsalar gida biyu. Idan aka murɗa aka ji "ƙas-ƙas" fitilun suka dushe, batir ne ko kansa ya yi gishiri ko ya saki. Idan injin yana juyawa sosai amma bai kama ba, to mai ne ko wuta. A murɗa makulli ba tare da an yi kik ba, a saurari ƙugin famfon mai daga wajen tanki na daƙiƙa biyu. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna bolt 12.6 a mita, inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Da mita ake wannan gwajin. Rewayan da ya ce zai cire kan batir inji na aiki don ya gwada altaneta, a hana shi, wutar da ke tashi a lokacin tana iya ƙona kwamfutar motar. Famfon mai kuma a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, don haka yawo kullum da fitilar mai a kunne, wanda tsada ta jefa mutane da yawa ciki, yana rage masa kwana. Wanda ya samu hali ya riƙe tankinsa a kwata.

A babban titi, a fitar da fasinjoji su koma nesa da kwalta, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku taku 50 zuwa 100 a bayan motar. Wanda ya zuba ganye ko duwatsu ya kwashe su idan zai tafi, masu babur da dare suna faɗuwa a kansu. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122. Mota mai giyar otomatik ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa, domin famfon man giyar ba ya aiki sai inji na aiki. Ko a ɗaga tayoyin da ke ja, ko a ɗora ta gaba ɗaya.

Maganar zaɓen bakanike, tambaya uku ke bambance gwani da mai lalube: me ya lalace, ta yaya ka gane, me ya lalata shi? Ga misali. Mota tana rawa, fitilar inji tana ƙiftawa. Mai lalube zai ce a sayo fulogi huɗu da kwayil huɗu, in ba ta daina ba a wanke nozul, in ba ta daina ba a canja famfon mai, duk a aljihun mai mota. Gwani zai jona na'urar bincike, wadda duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. In ta nuna P0302, silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai daidai. Sai ya sauya wa kwayil ɗinta wuri da na ta uku. Idan lambar ta koma P0303, kwayil ɗaya za a saya. Idan ba ta motsa ba, ya koma kan fulogi da nozul. Ita ma na'urar ba hukunci take yankewa ba, wurin dubawa take nunawa: P0171 tana nufin iska ta yi wa fetur yawa, kuma sau da yawa tiyon iska ne ya tsage, ba wata na'ura mai tsada ba. Goge lamba fitila ta mutu ba gyara ba ne.

Kowane da fanninsa. Mai giyar otomatik daban, rewaya daban, wanda ya saba da Toyota da Honda ba lallai ya iya Golf ko Peugeot ba. Direbobin haya da ke tuƙa irin motarka a tasha sun fi kowa sanin wanda ya iya. A fara gwada mutum da ƙaramin aiki, kamar canja takalmin birki. A kalli garejinsa: yana ajiye notuna a faranti ko a ƙasa cikin yashi, yana da sifanar awon ɗauri ko da ƙarfin tuwo yake ɗaure top, motoci nawa ne suka yi ƙura a wurin wata da watanni. Wanda ke cikin ƙungiyar kanikawa ta NATA, aƙalla akwai inda za a kai ƙararsa. Yawancin kanikawa mutanen kirki ne masu neman halal, amma a san cewa abin tace hayaƙin da ke jikin salansa, wanda ake kira indomi, yana ɗauke da ƙarafa masu tsada kuma yana da masu saye. Duk wanda ya ce ya toshe a cire, ya nuna shaida, kuma in an cire a ba mai motar abinsa.

Wajen kuɗi, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a rubuta kafin a kwance noti ɗaya, a kuma yi sharaɗin cewa duk abin da aka gano daga baya sai an kira an tambaya. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan, kuɗin aiki sai an gwada mota a titi. A Kofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, kaya iri uku ne: sabo na asali, ɗan Beljiyam wato na hannu daga waje, da sabo na kwaikwayo. Abin da ke cinyewa da aiki, irin su takalmin birki, bel, filta, fulogi, gasket, tamosta da famfon ruwa, sabo mai kyau ake saye, araha ba ta ado. Inji, giyabos, altaneta, kik da ƙofa, Beljiyam ɗinsu yakan fi sabon kwaikwayo, muddin an rubuta kwanakin gwaji a rasit. A tafi da tsohon kayan ko lambar shasi mai harufa da lambobi 17, don shekara ɗaya tana iya bambanta kaya. A karɓi tsohon da aka cire.

Idan har ta kai ga gasket, alamominsa su ne ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa a bakin lagireto, farin hayaƙi mai yawa bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Kada a yarda a ɗora sabon gasket sai an kai top wurin masu injin gogewa sun auna sun daidaita shi, a ɗaure notunan bi da bi da awo, a yi juyen baƙin mai, sannan a gyara abin da ya kawo zafin tun farko. In aka tsallake ɗaya, aikin zai dawo.

Juyen baƙin mai a ƙurarmu kada ya wuce kilomita 5,000. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, wato mil 3,100 ke nan. A zuba kaurin da aka rubuta a murfi ko littafin motar; injin da aka yi wa 5W-30 yana da ƙananan hanyoyin da 20W-50 ba ya saurin ratsawa da safe. Mota mai taimin bel, kamar Peugeot 406 ko Accord mai silinda shida, a canja shi wajen kilomita 90,000 zuwa 100,000, don in ya tsinke bawul na lanƙwashewa. Wanda ya sayi tokumbo, wato mota ta hannu daga waje, bai san tarihinta ba, to ya canja bel ɗin tun farko. A ajiye ɗan littafi a mota ana rubuta rana da kilomita da abin da aka canja, a kuma riƙa ware wani abu a asusu duk ranar da aka sha mai.

Ina roƙon jaridarku ta gayyato shugabannin kanikawa da malaman kwalejojin fasaha su yi wa jama'a bayani a kan cire tamosta da zuba ruwan rijiya a lagireto, tun zafin bana bai kai ƙarshe ba.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku, daga Kano