Ba Gowon da Ojukwu Kaɗai Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk ranar 15 ga Janairu jaridu kan tuna da yaƙin basasa, amma sunaye biyu ake ta juyawa: Gowon da Ojukwu. Mu a nan Jos ba ma ƙin a yabi Janar Gowon, ɗan Ngas ne, namu ne, kuma yana da shekara 31 kacal ya karɓi ƙasa a 1966. Sai dai akwai waɗanda aka bari a duhu.

Ina Philip Effiong, mataimakin Ojukwu shugaban Biyafara? Da Ojukwu ya hau jirgi ya tafi Kwaddebuwa, shi aka bar wa rusasshiyar Biyafara da yara masu kwashiyoko. Ranar 12 ga Janairun 1970 ya shiga rediyo ya ce a ajiye makamai, bayan kwana uku ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. A ganina wannan jarumta ta fi ta harba bindiga, domin kowace ranar da aka ƙara, gawarwaki ne.

Haka Janar Muhammadu Shuwa, wanda rundunarsa ta ɗaya ta kama Inugu a Oktoban 1967. Matasa da yawa ba su ji sunansa ba sai da aka harbe shi a Maiduguri a 2012. Shi kansa Ojukwu, nawa ne suka san a Zungeru aka haife shi, kuma shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano lokacin juyin mulkin Janairun 1966?

Don Allah ku ware shafi ga waɗannan mutane, har da kisan fararen hula da sojojin tarayya suka yi a garin Asaba lokacin yaƙin, mai daɗi da marar daɗi.

Naku,
Mai karatu daga Jos